Aminu Ala da Matsalar Rabe-raben Waƙar Hausa

Ɗalibin da ya fara nazarin adabin Hausa yakan tarar an raba masa waƙa gida biyu: ta baka da rubutacciya. Ta baka ita ce irin ta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko ta Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, inda kiɗa da murya da amshi suke haɗuwa a gaban jama'a. Rubutacciya kuwa ta malamai ce, mai baituka da amsa-amo da kari, kuma akasari ba ta buƙatar kiɗa. Wannan rabo ya yi amfani shekaru da dama, amma ya fara tangal-tangal tun da situdiyo da fiyano suka shigo Kano, kuma rayuwar Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Ala, tana nuna inda tsagar take.

An haifi Ala a Kano a 1973. Da alƙalami ya fara, domin marubucin littattafan hikaya ne kafin a san shi da waƙa, kuma wannan asali bai taɓa barinsa ba. Yakan tsara baitukansa a rubuce, ya daidaita amsa-amonsu, sannan ya shiga situdiyo a ɗora musu kiɗa da amshi. Daga baya ya kafa nasa kamfani, Taskar Ala, ya zama shi ne marubuci, shi ne mai rerawa, shi ne kuma mai iko da yadda waƙar za ta fito. Waƙarsa ta "Jami'a" ta sa sunansa ya shiga bakin ɗalibai, a 2009 kuma aka kama shi a Kano bisa zargin sakin waƙar "Hasbunallahu" ba tare da amincewar hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ba. Mai nazarin habaici zai sami abin dubawa a wannan shari'a, amma wannan zance ne na daban.

Abin da ya fi shafar masanin harshe shi ne abin da na'ura take yi wa gaɓa. Karin waƙar Hausa ya dogara ne a kan nauyin gaɓa: baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi, baƙi da dogon wasali ko wadda ta rufe da baƙi gaɓa ce mai nauyi. Russell Schuh ya daɗe yana nuna cewa makaɗan Hausa suna kiyaye wannan bambanci ko da suna rerawa. Bambancin yana ɗauke da ma'ana, domin tsawon wasalin farko ne ya raba garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. A dandali makaɗi ne yake jan kiɗa, ɗan kalangu yana bin numfashinsa. A situdiyo an riga an shimfiɗa bugun kiɗan a kwamfuta, murya ce take bi. Mawaƙin da bai auna baitinsa tun a takarda ba sai ya ja gajeren wasali ko ya datse dogo don ya cika ma'auni, kunnen Bahaushe kuma yana jin wannan karaya nan take. A nan horon Ala na marubuci ya yi masa rana.

Akwai kuma batun karin harshe, wanda ya fi fitowa fili idan aka saurari waƙoƙin nan daga yankin Gaya. Matashin Zabori, da yake jin su a wayar hannu kamar takwaransa na Kamba ko Malanville, Hausar yamma yake yi, waƙar kuwa da Kananci ta zo masa. Idan ya bi ta da bakinsa, wasu sauye-sauyen ba sa taɓa kari: "zamna" da "zauna" nauyinsu ɗaya, haka "shina" da "yana", don haka yana iya saka nasa lafazin baitin bai motsa ba. Amma idan ɗango ya ƙare da "ne" ko "ce", shi kuma a gida "na" da "ta" yake cewa, nauyin bai sake ba, amsa-amon ne ya rushe. Dole ya ari bakin Kano a daidai wannan gurbi. Ƙarshen ɗango ke nan ya zama ƙofar da daidaitacciyar Hausa take shigowa ta cikinta ba tare da aji ko malami ba. Ɗalibin da yake neman batun kundi zai iya gwada wannan da rikoda: ya sa masu saurare su rera baiti, ya ƙirga inda suka riƙe karinsu da inda suka sake shi.

Saura tambayar gidan da za a ajiye Ala. Kiran aikinsa waƙar baka ya yi watsi da takardar da aka tsara shi a kanta, kiransa rubutacce kuma ya manta cewa yawancin masu saurarensa ba su taɓa ganin baitukan a rubuce ba. Lakabin "waƙar zamani" da ake yawan fakewa da shi lokaci kawai yake nunawa, bai faɗi komai game da sigar waƙar ba. Zai fi dacewa manazarci ya raba matakai uku, wato tsarawa da naɗa da isarwa, ya tambayi kowanne daban ko da baka aka yi shi, ko da alƙalami, ko da na'ura.