Yadda Ake Gwada Injin Iska Mai Tsayayyen Sanda a Kwamfuta

Injin iska mai tsayayyen sanda, irin wanda Bafaranshe Georges Darrieus ya yi wa rajista a Amurka a 1931, yana juyawa ko daga ina iska ta kaɗo. Wahalarsa ita ce fukafukansa suna ratsa iskar da 'yan'uwansu suka riga suka dagula, don haka lissafin hannu ba ya wadatarwa. Kafin ka sayi ƙarfe, ga yadda za ka gwada shi a kwamfuta.

1. Zaɓi manhaja. OpenFOAM kyauta ce, ANSYS Fluent kuma sai da lasisi. Duka biyun suna iya aikin.

2. Zana injin. Fara da zane shimfiɗaɗɗe, kamar ka yanka injin a tsakiya kana kallonsa daga sama. Misali, faɗi mita 1, fukafukai uku masu siffar NACA 0018.

3. Ba shi fili. Bar tazarar da ta kai faɗin injin sau goma a gabansa, fiye da haka a bayansa. Idan filin ya matse, iskar za ta ƙara gudu, sakamakon ya kumbura.

4. Saƙa raga. Ana raba filin zuwa ƙananan gidaje masu ɗimbin yawa. Yi yanki biyu: da'ira mai juyawa tare da fukafukai, da sauran filin da ke tsaye. A jikin fiffike gidajen su zama sirara ƙwarai, har ma'aunin sirantarsu, wato y+, ya tsaya wajen 1, domin nan ne iska ke maƙalewa ko ta saki.

5. Shigar da yanayi. Nauyin iska kilo 1.225 ne a kowace mita kubik. A ce tana gudun mita 7 a daƙiƙa, kana son fiffike ya ninka gudunta sau 3. Wato mita 21 a daƙiƙa, juyi kusan 400 a minti. Don hargitsin iska, zaɓi tsarin k-omega SST na Florian Menter, wanda aka saba amfani da shi a irin wannan aiki.

6. Taƙaita taki. Kada injin ya juya fiye da rabin digiri a kowane takin lissafi. Juyi ɗaya zai ci taki 720 ke nan. Bar shi ya yi ta juyawa, ko da sau ashirin ne, har ƙarfin juyin zagaye ɗaya ya daidaita da na wanda ya gabace shi.

7. Tantance. Ninka matsakaicin ƙarfin juyi da saurin juyawa, ka raba da ƙarfin iskar da ke ratsa faɗin injin. Ƙa'idar Betz ta nuna injin da ke fili ba ya ƙwatar fiye da kashi 59.3 cikin ɗari. Idan naka ya wuce nan, koma ka duba fili da raga. Sannan ƙara yawan gidajen ragar ka sake gwadawa. In amsar ta sauya sosai, ragar farko ba ta isa ba.

Ka tuna, zane shimfiɗaɗɗe ba ya ganin iskar da ke sulalewa ta bakin fukafukai, ko jan da hannuwan da ke riƙe su suke yi, shi ya sa yakan ba da ƙarfi fiye da na gaske. Kada hotuna masu launi su ruɗe ka. Kwatanta alƙalumanka da na gwajin zahiri, kamar waɗanda cibiyar Sandia ta Amurka ta wallafa, kafin ka kai zanen wurin mai walda.