Duwatsu Masu Daraja da Yadda A Ke Gane Su

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda a ke haƙar ma'adinai a ƙasarsu. Sau da yawa manomi yana cikin huɗa, ko yaro yana wanka a rafi, sai ya tsinci wani ɗan dutse mai launi da sheƙi. Kafin a jima baƙo ya zo ya saye shi a kuɗin mudun dawa, alhali kuwa a birni ya isa sayen bijimi. Wani kuma ya sayar da akuyarsa ya sayi fasasshiyar kwalba da sunan zumurrudu. Dukansu rashin sani ne ya cuce su, shi ne kuwa ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Tun da ya ke a zauren hakimi ƙarar irin wannan ciniki ta kan fara sauka, ya kamata hakimi da malaminsa su san irin duwatsun nan da halayensu.

Abin da ke ba dutse daraja

Abu uku ne ke ba dutse daraja: kyaun gani, da ƙarko, da wuyar samu. Tun da daɗewa fatake sun kasa duwatsun ado kashi biyu. Kashi na farko su ne manya guda huɗu, watau daiman, da jan yaƙutu, da shuɗin yaƙutu, da zumurrudu. Sauran duka a kan kira su matsakaita. Amma kada a ɗauka wannan rabo shi ke yanke kuɗi ko yaushe. A da ametis yana cikin kayan sarakuna, da aka sami tarinsa a Brazil cikin ƙarni na 19 sai kuɗinsa ya faɗi. Akwai kuma wani shuɗin tomalin mai haske, wanda aka fara samu a Brazil, daga baya aka sami irinsa a Nijeriya da Mozambik, wanda mai kyaunsa ya fi daiman da yawa tsada.

Manyan duwatsu huɗu

Daiman, wanda mutanenmu su kan ce wa lu'ulu'u, asalinsa ɗaya da gawayi, sai dai zafi da matsi na can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kimanin kilomita 150 ko fiye, sun mai da shi dutse mafi tauri. Ɗanyensa sau da yawa fuska takwas gare shi, kamar an haɗa gindin dala biyu. An same shi a Ghana a 1919, a Saliyo kuma a 1930. Mafi girman daiman na ado da aka taɓa tonowa shi ne wanda a ke kira Cullinan, a Afirka ta Kudu a 1905, nauyinsa karat 3,106, watau ya haura rabin kilo. Shi kuwa lu'ulu'u na ainihi a cikin wata dabbar ruwa mai ɓawo ya ke fitowa, kamar yadda murjani ma daga teku a ke samunsa.

Jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu dutse ɗaya ne, launi kaɗai ya raba su. Inda ɗan sinadarin kuromiyam ya shiga sai dutsen ya yi ja, inda kuma baƙin ƙarfe da titaniyam suka shiga sai ya yi shuɗi. Jan da ya fi suna na Mogok ne a ƙasar Bama, watau Myanmar. Shuɗin kuwa, wanda 'yan kasuwa ke kira safaya, na Kashmir da na Siri Lanka sun shahara. A ƙasarmu ana samunsa a tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, da wajen Nisama a ƙasar Jama'a cikin Jihar Kaduna.

Zumurrudu kore ne shar. Da wuya a same shi ba tare da 'yan tsage-tsage a cikinsa ba, saboda haka yana da saurin fashewa, sai an yi masa riƙon ƙwai. Kolombiya da Zambiya su ne kan gaba wajen fitar da shi, an kuma same shi a wajen Nasarawa Eggon da Gwantu.

Matsakaitan duwatsu

Akwamarin ɗan'uwan zumurrudu ne, amma launinsa shuɗi ne mai haske kamar ruwan teku, ya kuma fi shi tsabta. Ɗanyensa kamar sanda ya ke mai gefe shida. Ana samunsa a wuraren da aka ambata na zumurrudu.

Tofaz, masu wankin kuza a Jos da kewaye sun san shi ƙwarai, domin tare da kuza ya kan kwanta a rafi. Galibinsa fari ne garau ko shuɗi kaɗan. Ko da ya ke yana da tauri, bugu ɗaya ya kan raba shi biyu sumul.

Tomalin ya fi kowane dutse yawan launi: akwai kore, da ja, da ruwan hoda, da shuɗi, da baƙi, har a kan sami launi biyu a dutse guda. Ana gane shi da zane-zanen da ke bin tsawon jikinsa. Ana haƙarsa a wajen Keffi da kuma Jihar Oyo. Baƙinsa yana da yawa, ba shi da wani kuɗi.

Ganet ya kan fito dunƙule, sau da yawa mai fuska goma sha biyu. Galibinsa ja ne mai duhu, shi ya sa a kan rikita shi da jan yaƙutu.

Ƙanƙara kuwa, watau farin dutsen nan mai kama da gilashi mai gefe shida da tsini a kai, 'ya'yanta suna da yawa. Ametis mai launin shunayya daga cikinsu ya ke, haka ma aƙiƙ da a ke sa wa zoben azurfa. Ita da farin tofaz su a kan kawo sau da yawa da sunan daiman.

Yadda a ke auna su

Na farko tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adinai mataki goma, ko wane na sama yana iya kartar na ƙasa da shi. Ga matsayin waɗanda suka shafe mu:

Daiman 10
Yaƙutu, ja ko shuɗi 9
Tofaz 8
Zumurrudu da akwamarin 7½ zuwa 8
Tomalin 7 zuwa 7½
Ƙanƙara, har da ametis 7
Gilashi da wuƙa kimanin 5½
Farcen mutum 2½

Dutsen da bai kai mataki na 7 ba ya kan dushe da yawan sawa, domin ƙurar da ke cikin iska ma tana ɗauke da ɓarɓashin ƙanƙara. To, a lura ƙwarai, tauri daban, jure bugu daban. Daiman da ba abin da ke kartarsa sai ɗan'uwansa, guduma tana farfasa shi. Saboda haka a hana mutane gwada dutse da guduma ko jefa shi cikin wuta.

Na biyu nauyi. Da karat a ke auna duwatsu, karat 5 su ne giram 1. Wannan daban ya ke da karat na zinariya, wanda ke nuna tsabtarta. Yaƙutu ya yi nauyin ruwa daidai girmansa sau 4, daiman da tofaz sau 3½, akwamarin da ƙanƙara kuwa ba su kai sau 3 ba. Har wa yau, dutse guda mai karat 2 ya fi guda biyu masu karat ɗaya-ɗaya tsada, domin manya sun fi wuyar samu. Wanda ya fasa dutse don a raba wa abokan haƙa ya ɓarnatar da dukiyarsu.

Na uku launi da tsabta. Launi mai ƙarfi, wanda bai yi duhu ba bai kuma koɗe ba, shi ya fi daraja. Da rana a ke duba shi, a cikin inuwa, bayan an wanke dutsen an bar shi ya bushe, domin jiƙaƙƙen dutse yana ɓoye aibinsa.

Jabu da na gyara

Kama da wane ba wane ba ne. In aka duba gilashi da madubin ƙara girma a kan ga 'yan kumfa zagayayyu a cikinsa, yana kuma saurin ɗaukar ɗumin hannu, shi kuwa dutse ya kan daɗe da sanyinsa. Amma akwai abin da ya fi gilashi wuyar ganewa. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera jan yaƙutu a ma'aikata, a 1954 kuma aka ƙera daiman a Amurka. Taurinsu ɗaya da na haƙa, kuɗinsu kuwa ƙasa ya ke ƙwarai. Sa'an nan a kan gasa yaƙutu don launinsa ya fito, a kan kuma ɗura wa zumurrudu mai don tsagensa ya ɓuya. Irin waɗannan sai gwani mai kayan awo ke iya rarrabewa, saboda haka kada hakimi ko malami ya ba da takardar shaida cewa dutse kaza na ƙwarai ne.

Aikin hakimi da malaminsa

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan da ke cikin ƙasar Nijeriya a hannun Gwamnatin Tarayya. Ba mai ikon haƙa sai da lasisi, ba mai ikon saye da tarawa sai da lasisi. Saboda haka hakimi ba shi da ikon ba da izinin haƙa, amma yana da ikon tambayar baƙo takardunsa, da tabbatar da cewa an nemi yardar mai gona.

In labarin sabon dutse ya ɓulla, malami ya rubuta ranar, da wurin, da sunan wanda ya samu, da launin dutsen, da siffarsa, da nauyinsa. Hakimi ya sanar da Majalisar Sarki da ƙaramar hukuma, domin labari ya kai ga jami'in ma'adinai na Tarayya da ke jihar. A umurci dagatai su hana yara shiga rami, su hana haƙa a gefen hanya da maƙabarta da mashayar dabbobi, su kuma ga an cike ramukan da aka bari kafin damina, domin su ke rufta wa mutane su kuma karya shanu. A gargaɗi talakawa kada su sayar da dutse da dare, ko ba a auna shi a gabansu ba, ko ba su ji tayin mutum biyu ko uku ba. A kuma tuna musu kada su bar noma saboda haƙa, domin ramin da ya ba mutum ɗaya arziki ya kan bar mutane da yawa da rumbu wayam.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne manyan duwatsu huɗu?
2. Me ya bambanta jan yaƙutu da shuɗi?
3. Karat nawa ne a cikin giram 3?
4. Don me aka hana gwada dutse da guduma?
5. Me malami zai rubuta in an tsinci sabon dutse a gunduma?