Ambaliyar Ruwa: A Yi Mata Shiri Tun Da Rani

Ruwan sama rahama ne, amma idan ya yi yawa kuma ya rasa hanyar wucewa, sai ya zama masifa. Wannan shi ake kira ambaliya. Ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a kan wannan al'amari, domin ba sabon abu ba ne a ƙasarmu.

A cikin watan Agusta na 1988 madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano ta ɓalle, ta cinye gidaje da gonaki. A 2012 kogin Binuwai da na Kwara suka cika suka batse, bayan ruwan sama mai yawa da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Mutane 363 suka rasu, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta fashe cikin dare, ruwa ya mamaye babban sashen Maiduguri.

To, me ke kawo haka? A darasin labarin ƙasa mun koyi cewa idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ba ta ƙara shanye wani, sai ya gangara ya nemi kwari. Amma akwai laifinmu a ciki. Mukan cika lambatu da shara da leda. Mukan yi gini a kan hanyar ruwa. Mukan sare itatuwan da saiwarsu ke riƙe ƙasa, sai zaizaya ta kwashe yashi ta cike kogi.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A ganina ga abin da ya kamata kowace unguwa ta yi.

Na farko, tun kafin ruwan fari mai unguwa ya kira gayya a yashe lambatu. Masu gidan ƙasa su yi yaɓe, su gyara indararo, domin gindin bango in ya jiƙe, faɗuwa yake yi ba sallama.

Na biyu, a riƙa sauraron rediyo. Hukumar NiMet takan yi hasashen damina kowace shekara, hukumar NEMA kuwa, wadda aka kafa a 1999, takan yi gargaɗi. Idan an ce a tashi, a tashi.

Na uku, kowa ya san tudun da za a taru, a kuma san wanda zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya. A ƙulle takardun shaida cikin leda, a ɗaga hatsi sama.

Na huɗu, kada a tsallaka ruwa mai gudu, ko da iyakarsa gwiwa ne. Bayan ya janye a riƙa tafasa ruwan sha, domin ambaliya takan kwashe ƙazantar masai ta zuba cikin rijiyoyi, daga nan sai annobar amai da gudawa ta biyo baya.

Mu ɗalibai ma muna da namu aikin. Idan mun je hutu, mu karanta wa iyayenmu sanarwar hukuma, mu shiga gayya da hannunmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrinta, amin.