Me Ya Sa Audugarka Ke Fitowa Ruwan Toka a Hoto?

Daga watan Nuwamba, idan aka shiga tsinkar auduga a gonakin Kafur da ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, masu ɗaukar hoto kan sha takaici. Ga tulin auduga fari tas a gabanka, amma kana dannawa sai ta fito ruwan toka, manomin da ke tsaye gefenta kuma duhu ya cinye fuskarsa. Dillalin da za a tura wa hoton a Funtua ta WhatsApp zai ɗauka kayan sun sha ƙura, ya fara zancen rage kuɗi.

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san auduga ba, bai san gawayi ba. An tsara shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa tsaka-tsaki ne, wato launin toka mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Idan fari ya cika masa ido, sai ya zaci haske ya yi yawa, ya rage. Matsalar masu ɗaukar hoton dusar ƙanƙara a Kanada da Turai ke nan, kuma maganinmu ɗaya da nasu: abu mai fari, ƙara masa haske ake yi.

A jikin kyamara nemi maɓallin da ke da alamar +/-. Idan ka kai shi +1 ka ninka hasken, +2 kuwa ninki huɗu ne. Fara da +1. In audugar ce ta cika hoton baki da baki, hau zuwa +1.7 ko +2. Wannan yana aiki idan kyamara tana kan tsarin P ko Av ko Tv; biyun ƙarshe su ne Nikon ke kira A da S. Mai waya kuma ya taɓa audugar a fuskar wayar, alamar rana za ta bayyana, ya ja ta sama kaɗan-kaɗan.

Amma kada ka zarce. Buɗe hoton, ka faɗaɗa shi da yatsu biyu, ka duba: kana ganin silin audugar? Kana ganin ɗan busasshen ganyen da ya maƙale a jikinta? In duk sun narke sun zama farar takarda, ka wuce gona da iri, kuma babu manhajar da za ta dawo da su. Shiga inuwa kafin ka duba, domin fuskar waya a tsakar rana yaudara take yi.

Inda aikin ya fi wuya shi ne ranar Sallah ko ɗaurin aure: farar shadda mai sheƙi, fuska baƙa, rana tsaka. A nan ni fuska nake bi. Gara aikin wuyan riga ya ɗan dusashe da a ce ba a gane ango ba. Ka roƙi mai shaddar ya matso ƙarƙashin rumfa ko gindin darbejiya, inda tazarar fari da baƙi ke raguwa. In babu inuwa, kunna filasha ko da rana ce. Idan ka auna hasken a kan fuskar kaɗai, kyamara za ta so ta haskaka baƙar fata fiye da yadda Allah ya yi ta, don haka ka sauko zuwa -0.7 ko -1.

Hazon hunturu ma farin abu ne a wajen ma'auni, +0.7 yakan wadatar, kuma ka rage sararin sama a cikin hoton. Baƙin sa a kara, ko buhunan gawayi, akasin auduga ne: -1.

Da ka gama, mayar da maɓallin kan 0, domin yawancin kyamarori ba sa mayar da shi da kansu ko an kashe su, sai hotunan gobe duk su fito a wanke.