Yadda Za Ki Bibiyi Awon Jininki Daga Al'ada Zuwa Al'ada

Mata da yawa a Mubi kan ɗora ciwon kai, kumburin ƙafa da jiri a kan al'ada, su ce zai wuce. Gaskiya ne sinadaran jikin mace suna hawa suna sauka a kowane wata, kuma awon jini kan ɗan motsa tare da su. Amma motsin ƙarami ne, bai isa ya kai lafiyayyar mace ga hawan jini ba. In awonki ya yi sama, kada ki ce laifin al'ada ne. Ga yadda za ki gane inda kika tsaya.

1. Ki samu na'urar awon jini da ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ki tabbata maɗaurin ya yi daidai da kaurin hannunki. In babu hali, ki riƙa zuwa kemis ɗaya ko asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ko a Lokuwa kike ko a Yelwa.

2. Ki ware littafi. Ranar da jinin al'ada ya fara zuwa ita ce rana ta 1. Yawancin mata sukan yi kwana 21 zuwa 35 kafin wata al'adar ta zo.

3. Ki auna safe da yamma, a lokaci guda kullum. Minti 30 kafin awo, ban da goro, shayi ko kofi. Ki yi fitsari, ki zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Kada ki yi magana. Ki auna sau biyu, minti 1 a tsakani. In kin dawo daga kasuwa cikin zafin Maris ko Afrilu, ki huta ki sha ruwa tukuna.

4. Ki rubuta lambobi biyun da na'urar ta nuna, na sama da na ƙasa, da ranar al'ada, da duk maganin da kika sha. Wannan na da muhimmanci ƙwarai: ibuprofen da diclofenac da ake sha don ciwon mara suna iya ɗaga jini, haka ma ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estrogen.

5. Ki lura da miyarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali guda. Magi da kanwa ma suna cikin lissafi.

6. Bayan wata biyu ko uku, ki duba littafin. Idan awon gida yana yawan kai 135/85 ko fiye, ki kai wa likita a babban asibitin Mubi. Idan jinin al'ada na zuba da yawa, kina jiri in kin miƙe, ki nemi a duba ƙarancin jini.

Akwai abin da ba a jira. Awo ya kai 180/120, ga ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, a garzaya asibiti nan take. Idan kuma al'ada ta ɗauke, ki yi gwajin ciki, in ciki ne ki fara zuwa awon ciki da wuri, domin hawan jini ga mai juna biyu shi ke kai ga jijjiga.

'Yar'uwa, hawan jini kan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Ki fara awo tun al'adar wannan watan.