Aikin Gayya da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana buga wasiƙa ya san cewa yawancin lokaci injin ne ke jiran mutum. Tsakanin harafin da ka buga da wanda ke biye da shi, ƙwaƙwalwar injin tana da sararin yin lissafi miliyoyi, amma sai ta zauna haka nan domin babu wanda ya ba ta aiki. A waje guda kuma akwai masana kimiyya a jami'o'i masu fama da lissafin da injin ɗaya zai shekara ɗaruruwa bai gama ba, ga shi kuwa ba su da kuɗin sayen manyan injuna. Wannan darasi zai bayyana wa mai karatu hanyar da aka samo ta haɗa waɗannan biyu, da abin da aka ci riba da shi, da kuma abin da ya wajaba mutum ya auna kafin ya sa hannu.

Yadda aikin ke tafiya

Manomi ba ya bukatar dogon bayani game da gayya. Gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya gayyato jama'a, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar an tashi. To, haka abin yake a nan. Masana sukan ɗauki babban lissafi su yanyanka shi gutsure-gutsure, su ajiye a wata babbar kwamfuta ta cibiyarsu. Wanda ya yi niyyar taimakawa sai ya sa wata 'yar manhaja a injinsa. Ita ce za ta karɓo gutsure ɗaya ta intanet, ta yi ta aiki a kansa duk sa'ad da mai injin ba ya bukatarsa, in ta gama ta mai da amsa, ta karɓo wani. Da zarar mai injin ya dawo ga aikinsa sai ta ja da baya ta ba shi wuri.

Amma fa ba kowane aiki ke yiwuwa da gayya ba. Mutum ɗari suna iya nome gona cikin yini guda, amma ba su iya shiga rijiya gaba ɗaya su haƙa ta, domin ba a kai wa gaba ta biyu sai an gama ta farko. Haka nan lissafin da kowane mataki nasa ke jiran amsar wanda ya gabace shi ba ya rabuwa. Wanda ke rabuwa shi ne irin na gwada abu iri ɗaya sau miliyoyi, alal misali gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne zai kama jikin ƙwayar cuta.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya masana za su amince da amsar da ta fito daga injin mutumin da ba su sani ba? Wani injin yana da lahani, wani mutumin kuma maha'inci ne. Dabarar da akasarin ayyukan ke bi ita ce a aika gutsure guda ga injuna biyu ko fiye waɗanda masu su ba su san juna ba. In amsoshi sun zo daidai a karɓa, in sun saɓa a aika wa wani ya raba gardama.

Tarihinsa a taƙaice

Cikin shekarar 1996 wani Ba'amurke mai suna George Woltman ya kafa ƙungiyar GIMPS domin neman manyan lambobin nan da ba su rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Ita ce ta gano mafi girma da aka sani cikin watan Oktoba na ​​2024, mai alƙaluma fiye da miliyan 41. Amma wanda ya sa duniya ta san wannan hanya shi ne SETI@home, wanda Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta buɗe cikin watan Mayu na 1999. Aikinsa shi ne tace sautin da wani katafaren faifai da ke Arecibo a wancan lokaci, a tsibirin Puerto Rico, ke naɗowa daga sararin samaniya, ko a dace da alamar wasu halittu masu hankali. Mutane fiye da miliyan 5 suka shiga. An daina rarraba aikin ranar 31 ga Maris, 2020, ba tare da an sami tabbacin abin da aka fita nema ba. Duk da haka wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin daga cikinta ne David Anderson da abokan aikinsa suka ƙirƙiro manhajar BOINC cikin 2002, wadda kowace jami'a ke iya ɗora nata aikin a kai, mai taimako kuma ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai.

Cikin shekarar 2000 Vijay Pande na Jami'ar Stanford ya fara Folding@home, mai nazarin yadda furotin ke naɗewa a jikin ɗan Adam, tun da yake naɗewar da ba daidai ba tana da hannu a cututtuka irin su Alzheimer. Da annobar korona ta ɓarke cikin 2020, jama'a suka yi dafifi a kan wannan aiki har ƙarfin injunansu a haɗe ya wuce lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya, watau ya ninka na injin da ya fi kowanne sauri a duniya a lokacin sau da dama.

Abin da ya shafi nahiyarmu

Kada a ɗauka abin duk na taurari ne da lambobi. Cikin 2006 Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan, da ke birnin Basel a lokacin, ta buɗe malariacontrol.net, inda injunan masu sa kai suka riƙa kwaikwayon yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a cikin al'umma, domin a ƙiyasta abin da gidan sauro, ko magani, ko allurar rigakafi za su rage, da abin da kowannensu zai ci na kuɗi. An rufe shi cikin 2016. Har ila yau akwai World Community Grid, wanda kamfanin IBM ya kafa cikin 2004, daga baya ya miƙa shi ga Cibiyar Bincike ta Krembil da ke Toronto a Kanada. A ƙarƙashinsa aka gwada sinadarai miliyoyi a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tsakanin 2011 da 2013, aka kuma buɗe aiki a kan cutar Ebola cikin Disamba na 2014.

Wanda ya fi jan hankalin manomi shi ne aikin ruwan saman Afirka, wanda Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan ta fara cikin 2019. Kowa ya san halin daminarmu: hadari ya taso ya zuba a wannan ƙauye, na gaba da shi ko ɗigo bai samu ba. Hasashen yanayi mai duban ƙasa da manyan yankuna ba ya ganin irin wannan. Sai masanan suka yanka Afirka kudu da Sahara ƙanana-ƙanana, kowane injin ya ɗauki yanki guda ya lissafa yadda iska da gajimare ke gudana a kansa.

Lalle ne a faɗi gaskiya a nan. Kwamfuta ba ta haɗa magani, ba ta kuma warkar da kowa. Iyakarta ta rage wa masana yawan abin da za su gwada, daga miliyoyi zuwa 'yan ɗaruruwa, sa'an nan a shiga ɗakin gwaji a yi shekaru, wani lokaci a fito hannu rabbana.

Kafin ka sa hannu

Sau da yawa akan ce wannan kyauta ce da ba ta cin ko kwabo. Wannan magana ba ta cika ba. Injin da ke zaune yana shan wuta kaɗan, wanda ke lissafi ba hutawa kuwa yana shan ninkin haka. Ga misali: injin da ke jan wat 100, in ya yi awa 10 ya sha yunit ɗaya a mita, in ya kwana ya yini har kwana 30, ya sha yunit 72. Sai mai karatu ya duba farashin yunit a inda yake ya ga ko aljihunsa zai ɗauka. A ganinmu wanda ke tayar da janareta ba shi da dalilin ƙona mai saboda wannan aiki. Gara ya ba da kuɗin man ga asibitin garinsu. Wanda ke da wutar hasken rana, batirinsa kuma ya cika tun hantsi, shi ne abin ya fi dacewa da shi, domin wutar da ta ragu dā ma asararta za a yi.

Sai batun zafi. Ƙwaƙwalwar injin tana ɗumama ƙwarai in tana aiki, a bazara kuwa ɗaki kansa tanderu ne, ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska. Manhajar tana da wurin da ake ƙayyade mata ƙarfin da za ta yi amfani da shi. A sa mata rabi, a ɗora injin a kan tebur inda iska ke ratsawa, kada a kan katifa. Haka nan a lura da kuɗin data, domin wasu ayyukan gutsurensu manya ne. Ɗaukewar wuta dai ba abin damuwa ba ce sosai, tun da yawancin ayyukan sukan adana inda suka tsaya lokaci-lokaci. Sai dai kowane gutsure yana da wa'adi, in ya wuce a ba wani.

Injin ofis ko na makaranta ba naka ba ne. Kada ka sa masa kome sai da iznin hukumar wurin a rubuce. A jihar Jojiya ta Amurka an taɓa gurfanar da wani ma'aikacin kwaleji gaban shari'a cikin 2001 saboda ya sa irin wannan manhaja a injunan kwalejin ba da izni ba, kyakkyawar niyyarsa kuwa ba ta hana shi shan wahalar kotu ba.

Daɗin daɗawa, akwai ɓarayi masu fakewa da guzuma su harbi karsana. Sukan saka wa mutane manhaja a ɓoye domin injin ya riƙa haƙo musu kuɗin intanet, mai injin na biyan wuta. Ayyukan jami'o'i na gaskiya ba su neman lambar asusunka na banki, ba su kuma yi maka alkawarin riba. Abin da suke bayarwa maki ne kawai, wanda ake jerawa a allo tare da sunan ƙungiyarka. Saboda haka a ɗauko manhajar daga shafin BOINC na Jami'ar Berkeley ko na Folding@home kai tsaye, a duba ko aikin da aka zaɓa yana rarraba gutsure a halin yanzu, sa'an nan a bar injin ya yi mako guda ana lura da mita da zafinsa kafin a ƙara masa ƙarfi.