Darasi A Kan Mai Ciwon Daji: Baitoci Huɗu Da Sharhinsu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na Umdurman da Hartum, wannan darasi ne a kan ciwon daji, wanda Larabawa ke kira saraɗan, da abin da ya kamaci zuciyar mumini idan ya sauka gare shi.

Idan daji ya sauka jikin mumini,
Kada ka ce fushi ne na Rahamani.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, asalin wannan ciwo shi ne wasu ƙwayoyin jiki su riƙa hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari, su yaɗu. Yana kama salihi, yana kama fasiƙi. Ba sammu ba ne, ba ya kuma tsallakawa daga mai shi zuwa ga mai jinyarsa. Wanda ya ƙudurce cewa azaba ce, sai kunya ta kama shi, ya ɓoye. Da yawa mace kan ji kulluto a nononta ta yi shiru wata da watanni, ga shi kuwa dajin nono shi ya fi yawa ga matan Sudan, mafi yawansu kuma ba su isa ga likita sai ya yi nisa.

Manomi kan yi shuka kana ya jira ruwa,
Tawakkali bai hana neman magani.

Sharhi: Wannan shi ne ginshiƙin darasi. Wanda ya bar sababi ya ce ya dogara, to, bai fahimci dogaro ba. Mutanenmu kan ce daji ba ya son ƙarfe, wai in aka taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Abin da ya jawo wannan zato shi ne, sau da yawa ba a kai majinyaci sai ciwon ya riga ya ci jiki, in ya rasu sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Ƙarin da aka cire tun yana ƙarami shi ya fi kusa da warkewa, da iznin Allah. A shekarar 1967 aka buɗe asibitin Zarra a Hartum, inda ake gasa ƙari da haske, daga baya aka sami wani a Wad Madani. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, aikin Zarra ya tsaya, majinyata suka nufi Madani, da yaƙin ya iske su can a Disamba wasu suka yi Marawi, wasu Masar. Dubi waɗannan bayin Allah, sun keta hanya cikin tsoro don kada maganinsu ya yanke. Wannan shi ne tawakkali na gaskiya.

Zikiri abincin zuciya ne ɗan'uwa,
Ƙari a bar shi ga wanda ya yi sani.

Sharhi: Kowane abu da muhallinsa. Likitoci sun bincika, ba su tabbatar da cewa ƙarfin zuciya shi kaɗai yana narkar da ƙari ba. Amma natsuwa tana rage fargaba, ta kawo barci, ta ba mutum juriyar komawa shan magani ko da gashi ya zube, amai ya dame shi. Saboda haka mai ciwo ya lizimci wuridinsa, ya halarci zikirin Juma'a in ya sami iko, ya nemi addu'ar shehinsa. Rubutun sha, wanda mutanen nan ke ce wa mihaya, kada ya zama dalilin saɓa ranar asibiti. Malamin da ya ce wa majinyaci ya bar likita, ya ɗauki nauyin rai a wuyansa.

Wanda ya ji zafi ya yi kuka, kar ka ce
Rauni ya same shi cikin imani.

Sharhi: Annabi Ayyuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, Annabi Yaƙuba ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, dukkansu kuwa masu haƙuri ne. Haƙuri shi ne barin fushi da hukuncin Allah, ba ɓoye raɗaɗi ba. In ciwo ya tsananta, ya faɗa wa likita, a ba shi maganin kashe zafi, babu laifi. Kai kuma mai dubiya, kada ka ce masa ƙarancin yaƙininsa ne ya hana shi tashi, domin ka haɗa masa ciwo biyu ke nan. Zauna kusa da shi, ka saurare shi, ka taimaka da kuɗin mota da na magani, ka duba iyalinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya. Amin.